In kontar kat-kat ya yi ƙarya: yadda ake kama shi da yadda ake gyara shi

 

Wani zai ce mi ya kawo zancen mota cikin jaridar kiwo. To, ku duba da kyau. Yau dusa da gurya cikin mota suke zuwa arewa lokacin rani. Raguna cikin mota suke zuwa kasuwa. Maganin rigakafi, cikin akwatin ƙanƙara, mota ke kai shi bakin rijiya. Ƙungiyoyin makiyaya da dama sun haɗa kuɗɗi sun sayi tsohuwar Land Cruiser ko Hilux, waɗanda ba su da ita kuwa haya suke ɗauka. Kuma duk lissafin wagga tafiya, na kuɗɗi da na mai da na lokaci, bisa abu guda yake tsaye: agogon nan na gaban direba, wanda muke ce ma kontar.

Ga abin da na gani da idona. Cikin wani rani, wasu makiyaya na wajen Tsibiri sunka ɗauki hayar kat-kat ta kai musu dusa can gaba da Dakwaro, inda garkensu yake. Anka shirya bisa dala 60 kowane kilometir, zuwa da dawowa. Da anka dawo, kontar ya nuna 330. Su kuwa sun san wurin, sun taɓa zuwa da wata mota, 300 anka lissafa musu. Bambancin ya kama jika 9. Magana ta yi zafi, wannan na cewa an cuce shi, wancan na rantsuwa bai taɓa kontar ba. Sai munka ce a bar gardama, a fita da motar bisa kwalta a gwada ta. Cikin kilometir 10 na gaskiya, kontar ya ƙidaya 11. Da munka duƙa munka duba ƙafafun, sai ga dalili: mai motar ya samu tayoyi masu arha, ƙanana, ya ɗaura. Babu ɓarawo cikinsu. Taya ce ta yi ƙarya.

Mi kontar ke ƙidayawa?

Kontar aiki biyu gare shi. Tsinke na nuna gudun mota, wato kilometir nawa za ta ci cikin awa guda. Lambobi kuwa na tara tsawon tafiyar da anka yi.

Abin da ya kamata kowa shi riƙe shi ne: kontar ba ya ganin hanya. Juyin taya yake ƙidayawa. Kamar mutum ne da ke awon gona da taki. In dogo ya auna ya ce taki 100, gajere zai auna gona guda ya ce 110. Gonar ba ta ƙaru ba, takin ne ya sake.

Ga tsofaffin motoci, aikin haka yake. Bayan babbar buwat akwai ƙaramar buwat, wadda ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya. A bakinta akwai ɗan faifai mai haƙora, makanikai na ce mishi pinyo. Shi ke juya wata waya mai murɗewa cikin kube, wato kabul, wadda ta tafi har bayan kontar. Can ciki, kabul na juya maganaɗisu, maganaɗisu na jan wani ɗan kwano mara nauyi wanda tsinke ke liƙe gare shi, wani siririn ƙarfe naɗaɗɗe kuma na maido shi baya. Iyakar saurin juyin, iyakar tashin tsinke. Wagga dabara tsohuwa ce: wani Bajamushe, Otto Schulze, shi ya yi rajistarta a shekarar 1902. Kabul ɗin nan kuma shi ke tura lambobi. Ga motocin Japan masu kabul, juyi 637 shi ne kilometir guda, har wasu an rubuta wagga lamba da ƙananan baƙi bisa fuskar kontar.

Ga sababbin motoci babu kabul. Wani ɗan ƙarfe mai aiki da lantarki ke jin juyin, daga buwat ko daga ƙafafu, shi aika ta waya. Amma asalin guda ne: juyi ake ƙidayawa.

Kamfani ya daidaita haƙoran pinyo da girman tayar da motar ta fito da ita. In anka taɓa ɗaya anka bar ɗaya, lissafi ya ɓaci.

Abubuwan da ke sa kontar ƙarya

Na farko, kuma wanda ya fi yawa wurinmu, sake girman taya. Ga misali da tayoyi biyu da kowa ya sani. Mai lamba 205R16, tsayinta wajen santimetir 73 ne, juyi guda na cin wajen metir 2 da santimetir 30. Mai lamba 7.50R16, ko ƴar uwarta 235/85R16, tsayinta wajen santimetir 80 ne, juyi guda na cin wajen metir 2 da rabi. Cikin kilometir guda, ƙaramar za ta juya kusan sau 435, babbar kusan sau 395. Dukansu bisa ƙarfe mai lamba 16 suke hawa, shi ya sa mutane ke tsammanin ɗaya ne. Amma tsakaninsu akwai kashi 10 cikin 100.

In anka ɗaura babbar taya inda ƙarama take, kamar yadda ake yi don rairayi, kontar zai rage. Tsinke na nuna 80, mota na gudun 88. In anka ɗaura ƙarama inda babba take, kontar zai ƙara, kamar motar da na ba ku labari.

Na biyu, sake pon, wato tulun ƙarfen nan na tsakanin ƙafafun baya, ko sake ƙaramar buwat da ta wata mota. Ba dukansu ke da adadin haƙora guda ba, ko da daga waje kamarsu ɗaya.

Na uku, kontar mai ƙidaya da mil. Cikin motocin hannu da ke shigowa ta Kwatano akwai waɗanda anka yi don Amurka. In kunka ga an rubuta MPH da manyan baƙi, to mil ne. Mil guda metir 1609 ne. Mil 100 kilometir 161 ke nan, kuma tsinke bisa 60 gudun kusan 97 ne. Wanga ba lalacewa ba ce, awo ne daban, amma ya sha jefa mutane cikin rikici.

Na huɗu, rairayi. In ƙafa na juyawa wuri guda tana haƙa, kontar na ta ƙidaya, mota kuwa ba ta gusa ba. Rage iska don rairayi shi ma yana ƙara ƴar ƙarya kaɗan. Haka cinyewar taya: tsakanin sabuwa da wadda ta suɗe akwai wajen kashi 2 cikin 100.

Na biyar, ciwon kontar kanshi. Kabul da ya bushe, ko ya lanƙwashe, ko ƙura ta shige shi, yana sa tsinke rawa da tsalle, wani lokaci da ƴar ƙara. In ya tsinke, tsinke da lambobi duk su tsaya. In kuwa lambobi na daidai amma tsinke kaɗai ke kuskure, ciwon na cikin kan agogon.

Akwai abu guda da ba ciwo ba ne. Sabuwar mota ma tsinkenta na ɗan wuce gaskiya, da gangan anka yi haka. Ƙa'ida mai lamba 39 ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda kamfanoni da yawa ke bi, ta hana tsinke nuna ƙasa da gudun gaskiya, ta yarda shi wuce da kashi 10 cikin 100 da ƙarin kilometir 4. Ke nan mota na gudun 80, tsinke na iya nuna har 92 ba a ce ya lalace ba. Saboda haka kada a auna lafiyar lambobi da tsinke. Kowane a gwada shi daban.

Ina ruwan makiyayi?

Kuɗɗin haya mun riga mun gani. Kontar mai ƙari na cin mai haya, kontar mai ragi na cin mai mota. In motar ƙungiya ce, asusunku ne ke zuba ba ku sani ba.

Sai mai. Direban da kontar ɗinshi ke ƙari yana ganin motarshi ba ta sha. Ya zuba litir 60, kontar ya nuna 440, alhali 400 ya yi. Ran da anka ce mishi zango kaza kilometir 430 ne zuwa da dawowa, sai ya zuba 60 ɗin nan ya kama hanya. Mai zai ƙare mishi cikin daji, da bisashe a baya, da rana bisa kai. Wanda ya san arewacin Tarka wajen Bermo da Gadabeji cikin watan Afrilu ya san abin da wanga ke nufi.

Sai juyen baƙin mai, wato bidanji. Yawancin direbobinmu na yi kowane kilometir 5000. Da kontar mai ragi, in ya nuna 5000 injin ya riga ya yi 5500, cikin ƙura da zafi. Sau ɗaya ba komi, amma shekara da shekaru injin ne ke biya.

Sai birki. Ƙarin gudu na kashi 10 cikin 100 yana ƙara tsawon tsayawa da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Babbar taya kuma ta fi wuyar tsaidawa. Inda burtali ya ratsa kwalta, wagga ƴar tazara ita ce tsakanin tsayawa da take ɗan maraƙi, ko yaron da ke kora shi. Mota mai shanu a baya kuwa, in anka taka birki da ƙarfi duk gaba suke zubewa, nan ake samun karaya.

Sai nisa. Sau da yawa makiyayi na tambayar direba: daga nan zuwa rijiya kaza kilometir nawa? In direba ya ce 27 alhali 30 ne, ukun nan kusan tafiyar awa guda ce ga shanu, ta fi haka ga ramammu da masu ciki. Mu ma ma'aikatan kiwo da kontar muke tsara zagayen rigakafi. Maganin ciwon huhu na shanu ba ya son zafi, ƙanƙarar akwati kuma awoyinta ƙidayayyu ne. In lissafin hanya ya ɓaci, garken ƙarshe ne ke samun maganin da ya raunana.

Ƙaƙa ake gwada shi?

Gwaji na ɗaya, da duwatsun kilometir na bakin kwalta. A nemi hanya miƙaƙƙiya: babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Tsibiri da Maraɗi ta nufi Tasawa da Damagaram, ko hanyar Ɗan Isa da ta bi ta wajen Jiratawa. A fita da sassafe, ranar da ba kasuwa. A fara zuwa wurin mai faci shi daidaita iskar ƙafa huɗu. A cire kat-kat, a bar motar da ƙafa biyu. A tsaya daidai dutse, a rubuta lambar da ke jikinshi da lambar kontar, ko a maida ƙaramin kontar bisa sifiri in motar na da shi. A tafi kilometir 10, a tsaya daidai dutse, a sake rubutawa. Kada a ƙidaya duwatsun da ido, don wasu sun faɗi, wasu an ɗauke. Lambobin jikinsu za a karanta, a cire ƙarama daga babba. A juyo a sake gwadawa. In an samu kilometir 20 ya fi 10 kyau, amma kilometir guda ko biyu ba su isa a yanke hukunci ba.

Gwaji na biyu, na tsinke, da agogon hannu. Mutum biyu ne: direba na kallon hanya, na kusa da shi na riƙe da agogo. A tsaida tsinke bisa 60 tsakanin dutse da dutse. Gudun 60 na gaskiya yana cin kilometir guda cikin minti guda cif. In an iso cikin sakan 55, motar na gudun 65. In sakan 50 ne, 72. In sakan 65 ne, 55. Dabarar ita ce a raba 3600 da adadin sakan.

Gwaji na uku, da salula mai GPS. Yanzu cikin kowace ƙungiya ba a rasa yaro mai irin wagga waya. Tana nuna gudu da tsawon tafiya daga taurarin ɗan adam. A riƙe gudu guda bisa miƙaƙƙiyar hanya, a gwama da tsinke bisa 40, bisa 60, bisa 80. Ba direba ke riƙe wayar ba.

Gwaji na huɗu, da alli da igiya, ga wanda ke son sanin taya tun bai saya ba. A samu wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe. A ja alli bisa taya inda ta taɓa ƙasa, a ja bisa ƙasa. A tura mota har alli shi dawo ƙasa sau 10, a sake ja. A auna tsakani. A yi haka da tsohuwar taya da sabuwa. In ɗaya ta ba da metir 23, ɗaya ta ba da metir 25 da ƴan kai, kun ga bambancin da idonku. Gani ya kori ji.

Abin da gwajin ke faɗi: in tsinke da lambobi duk sun kauce gefe guda da kashi kusan guda, ga kowane gudu, laifin taya ne ko haƙora. In lambobi daidai, tsinke ya kauce, kan agogo ne. In tsinke na rawa, kabul ne.

Gyara

Hanya ta farko, wadda ta fi sauƙi: a maido tayar asali. Girmanta na rubuce cikin littafin motar, ko bisa ƴar takardar da ke liƙe a bakin ƙofar direba. Kuma ƙafa huɗu su zama girma guda. Babba a baya, ƙarama a gaba, in anka sa kat-kat sai gaba da baya su riƙa jayayya, ƙaramar buwat ce ke shan wuya.

Hanya ta biyu, in babbar taya ta zama dole saboda rairayi: a sake pinyo. Babbar taya na son pinyo mai ƙarancin haƙora, ƙaramar taya na son mai yawan haƙora. Makanike shi cire na ciki shi ƙidaya haƙoranshi. A ninka su da abin da kontar ya nuna, a raba da tafiyar gaskiya. Misali: haƙora 20, kontar ya nuna kilometir 9 da metir 100 cikin 10. Lissafi ya ba da 18 da ɗan kai, sai a nemi mai 18. Haƙori guda na sake lissafi da wajen kashi 5 cikin 100, saboda haka ba kullum ake dacewa cif ba. Kuma ba kowane pinyo ke shiga da abokinshi na cikin buwat ba. In anka tilasta shi, haƙoran za su cinye cikin ƴan kwanaki. Akwai kuma wani ɗan akwatin haƙora da ake ɗaurawa tsakanin buwat da kabul, mai ƙara juyi ko rage shi, in an same shi.

Ga mota mai kontar lantarki, ana sa ɗan akwatin gyara bisa wayar, ko a daidaita da na'urar kwamfuta. Wanga aikin mai lantarkin mota ne da ya san irin motar. Kada a bari a yi ta yanke wayoyi da ka, don ga wasu motoci wayar nan guda ita ke ba birki labari.

In kabul ne, a zare cikin, a wanke, a shafa mai kaɗan, ban da ƙarshen da ke shiga kontar, kada mai shi hau cikin agogo. A duba kube bai lanƙwashe ba kuma bai taɓa bututun hayaƙi ba. In zaren ya fara warwarewa, a sake sabo.

Hanya ta uku ba ta cin ko dala: a bar kontar yadda yake, a san ƙaryarshi. A rubuta bisa takarda a liƙa kusa da shi. Ga mai ragi: bisa kowane 10 a ƙara 1, tsinke bisa 73 shi ne 80, bidanji in ya nuna 4500. Ga mai ƙari: cikin kowane 11 a cire 1. Maƙaryacin da anka san iyakar ƙaryarshi ba ya cutar kowa. Ko wace hanya anka bi, a koma bisa kwalta a sake gwadawa, kuma duk ran da anka sake taya a sake.

A lura, gyaran kontar daban, maida lambobi baya daban. Na biyun ha'inci ne, kamar mai goge haƙoran tsohuwar saniya ya kai ta kasuwa. In ƙungiya za ta sayi motar hannu, kada ta tsaya ga lambobi. A duba sulɓin sitiyari, da cinyewar abin taka birki, da kujerar direba, da hayaƙin inji. In dole ta sa anka sake kontar gaba ɗaya, a rubuta lambar tsohon da ranar cikin littafin ƙungiya.

Shawara ga mai ɗaukar haya

Wuraren da anka san nisansu, a yi ciniki bisa tafiya, ba bisa kontar ba. In dole sai da kontar, a rubuta lamba gaban shaidu tun ba a tashi ba. Tun da yawancin tafiyarmu bisa kwalta take farawa, a yi gwajin duwatsun nan cikin kilometir 10 na farko, mai mota na gani, mai haya na gani. A kuma shirya tun a gida yadda za a yi da juyin da rairayi ya ci. Abin da anka faɗa kafin tashi shi ake kira sharaɗi, wanda anka faɗa bayan dawowa rigima ce.

Mutanen Tsibirin nan, bisa 300 anka biya, kowa ya yafe ma ɗan uwanshi. Mai motar ya liƙa takardarshi kusa da kontar har ran da ya samu kuɗɗin tayoyin asali.

Wanda ya iya karatu shi karanta ma wanda bai iya ba, a kuma kai zancen wurin taron ƙungiya. Mai tambaya shi tuntuɓi ma'aikacin kiwo na kusa da shi. Allah shi ba mu damana mai albarka, shi tsare garke, shi kai kowa gida lafiya. Amin.